Ajin koyon saƙar kwarashi na WhatsApp: karatun ya yi, amma kayan aikin akwai gyara

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Maganar ajin koyon saƙar kwarashi ɗin nan da ake yi ta WhatsApp, wanda wata malama a nan Kano take gudanarwa, toh na shiga kuma na kammala matakin 'yan koyo, kuma in kuna son jin gaskiya karatun ya ci kuɗinsa harda ƙari, matar ta iya koyarwa ba ƙarya, amma kayan aikin da take haɗawa tana turo wa ɗalibai kam ban ji daɗinsu ba, kuma naga da idona yanda suka sa wasu suka sare tun ba a je ko'ina ba. Ba zan kama sunanta ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganar, kuma dama ba ita kaɗai ke irin wannan ajin ba, suna da yawa yanzu a Kano da Kaduna da Zariya, don haka ko ajin wa kike shirin shiga abin da zan faɗa zai miki amfani in sha Allahu.

Yanda tsarin yake, kina tura kuɗin rajista sai a saka ki a gurup, in kina so ki ƙara kuɗi a haɗa miki kaya, na cikin gari ɗan aike ya kawo har gida, na nesa kuma a ba direba a tasha. Ban sa farashi ba don yanzu kuɗin kaya ba ya kwana biyu a wuri guda, abin da na biya ba lallai shi za ki biya ba. Da safe takan saki ɗan gajeren bidiyo ta ba da aikin gida, ke kuma ki yi ki ɗauki hoto ki tura, wani sa'in tace hoto bai isa ba sai dai ki sa wani ya ɗauki hannunki a bidiyo kina cikin saƙar. Bayan isha'i sai ta zauna ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da saƙon murya tana gyara. Ranar Asabar kuma tana buɗe gidanta ga waɗanda ke kusa, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida kowa da ulunta.

Na san wata za ta ce toh me zai sa in biya kuɗi alhali ga bidiyon koyon saƙa nan birjik a YouTube da TikTok kyauta. Hakane, suna nan, wasu ma sun fi nata kyan hoto nesa ba kusa ba. Sai dai bidiyo ba ya ganin hannunki. Saƙa kamar tuƙin tuwo take, ko kin shekara kina kallon mai tuƙi ba za ki san nauyin muciya ba sai kin kama, kuma sai da wadda ta iya a gefe tana ce miki ƙara nan rage can. Abin da kike biya wa kuɗi kenan a wannan ajin, idon da zai kalli aikinki ya gaya miki takamaimai inda matsalar take. Akwai wata baiwar Allah a cikinmu da tace ta daɗe tana gwadawa da bidiyo tana ajiyewa, kullum saƙarta sai ta yi tauri har kwarashin ya ƙi shiga, Malama ta kalli bidiyon hannunta sau ɗaya tace, "Ƙanwata, a wuyan kwarashi kike ɗaure idon, tura shi ya hau jiki tukunna." Shikenan fa, maganar kenan. Saboda kwarashi kusa da ƙugiyar siriri ne, can gaba kaɗan ne yake da ainihin kaurinsa, kuma wannan kaurin shi ke yanke girman kowane ido, in kika ƙulla a siririn wurin dole idanun su fito ƙanana matsattsu. Washegari matar ta turo hoto saƙar ta saki ta yi laushi, har ta yi saƙon murya tana ta godiya muryarta na rawa.

Abin da ya fi burge ni da Malama shi ne ba ta gaggawa, kuma ba ta bari a ja ta a yi gaggawa. Darasin farko gaba ɗaya a kan riƙo ya ƙare. Ta nuna riƙo iri biyu, riƙon biro da riƙon wuƙa, tace kowa ta gwada duka ta zaɓi wanda hannunta ya fi sakewa da shi, babu wanda ya fi wani. Sai ɗaya hannun mai riƙe zare, wanda a ganina shi ne ma ainihin mai aikin, ki zagaya zaren a ƙaramin yatsa, ya bi ta ƙarƙashin na tsakiya, ya hau kan yatsan nuni, sannan babban yatsa da na tsakiya su kama gindin saƙar kusa da kwarashi. Daga nan ƙullin zarge, wanda shi ne farkon komai, sai sarƙa, ki naɗo zare a kwarashi ki ja shi ta cikin zoben da ke kai, ki sake naɗowa ki ja, haka dai. A kan sarƙar nan ta tsare mu har wasu suka fara guna-guni a gurup, wata tace Anti mu fa hula muka zo koya ba igiya ba. Malama ba ta ji haushi ba, cewa tayi duk wadda ta turo sarƙa mai ido 30 da suka fito kai ɗaya, babu babba babu ƙarami, ta wuce gaba a ranar. Kuma da aka turo sai ga shi mafi yawa farkon sarƙar a matse ƙarshenta a sake, ko akasin haka, kowa ta gani da idonta ba sai an yi musu ba.

Sai ɗinkin da aka gina ajin a kansa, wato singil, shi ne mafi gajarta a cikin manyan ɗinkunan kwarashi kuma shi ake fara koya wa kowa. Bari in faɗi yanda ta koyar da shi don mai karatu ta ga irin bayaninta. Ki yi sarƙa 11. Zoben da ke kan kwarashi ba a ƙirga shi, ƙullin farko shi ma ba a ƙirga shi, wannan ta maimaita shi ya fi a ƙirga. Ki tsallake ido na farko da ke kusa da kwarashi, ki soka a na biyu, ki naɗo zare ki jawo shi ta cikin idon, yanzu zobe biyu ne a kan kwarashinki, ki sake naɗo zare ki ja ta cikin biyun gaba ɗaya, ya koma zobe ɗaya. Kin yi singil ɗaya kenan. Ki bi sauran idanun haka har ƙarshe, za ki samu 10 cif, don wancan da kika tsallake tsayin layi ya ba ki ba ɗinki ba ne. In kin kai ƙarshe ki yi sarƙa ɗaya ki juya aikin, sannan ki dubi saman layin da kika gama, za ki ga kowane ɗinki yana da zare biyu a kansa masu siffar harafin V a kwance, toh ƙarƙashin su biyun za ki dinga sokawa, ba ɗaya ba. Ta ce akwai lokacin da ake ɗaukar na baya kaɗai ko na gaba kaɗai don a fitar da wani ado, irin gurun nan na bakin hula, amma wannan sai gaba, yanzu dai a ɗauki biyun.

Har waƙe abin take yi a bidiyon, soka, naɗo, jawo, naɗo, fitar, kuma wallahi yana zama a kai, za ki ji kina faɗa a ranki kina aiki.

Inda na ƙara yarda da ita shi ne maganar gefe. Kusan duk wata sabuwar mai koyo saƙarta takan fara da faɗi sai ta dinga tsukewa tana hawa, ki fara da 10 kafin layi na shida kin koma 7 ba ki san inda sauran suka shiga ba. Dalilin shi ne ɗinkin ƙarshe na kowane layi yakan kwanta ya ɓuya a gefe, sai ido ya tsallake shi, wasu kuma na farkon suke tsallakewa bayan sun juya. Akwai kuma masu ƙari, su soka a sarƙar juyi su ɗauka ɗinki ce, sai aikin ya dinga buɗewa. Maganin da ta ba mu mai sauƙi ne, da zarar kin yi ɗinkin farko na layi ki maƙala masa fil ko ki ratsa ɗan guntun zare mai wata kala, in kin dawo kin san nan ne tasharki ta ƙarshe. Sannan ƙirga, kowane layi sai an ƙirga, ba ta karɓar hoto sai kin rubuta adadin da kika samu a ƙasa. Wani lokacin ki rubuta 10 ta zana jan layi a hoton ta dawo miki da shi tace sake ƙirgawa 'yata, tara ne. Ban san yanda take samun haƙurin bin hotunan nan duka ba ga nata gidan ga yara, Allah dai ya saka mata. Kuma ta hana mu tsoron warwara, tace kwarashi ba kamar saƙar kibiya mai tsinke biyu ba ce da idanu da yawa ke rataye a lokaci guda in ɗaya ya zame ya tsiyaye ƙasa, nan zobe ɗaya ne tak a raye, ki zare kwarashi ki ja zare har inda kuskuren yake ki mayar ki ci gaba.

Wasu ƙananan abubuwa da ta faɗa waɗanda suka kwantar wa mutane da hankali, in kinga layukan farko na singil suna naɗewa ba laifinki ba ne, haka yake yi, in aikin ya yi tsawo zai miƙe. In kuma ƙasan ya lanƙwashe sama ta fi shi faɗi toh sarƙar farko ce ta matse, ki yi sarƙar da kwarashin da ya ɗara naki girma kaɗan sannan ki koma naki. In kin gama kar ki yanke zare a gindin ƙulli, ki bar wajen santimita 15 ki sa a allura mai dakusasshen baki ki ɓoye shi a cikin saƙar, in ba haka ba wanki ɗaya zai kwance.

Toh yanzu ga inda raina ya sosu. Kayan da aka haɗo mana, kwarashi ɗaya ne siriri na ƙarfe mai milimita 2, da dunƙulen ulu biyu siraran gaske ba takarda a jikinsu, nawa ɗaya baƙi ɗaya ruwan goro mai duhu, wata ma shuɗi mai duhu ta samu duka biyun, sai ƙaramin almakashi da tef ɗin awo. Almakashin da tef ba laifi. Amma haba Malama, ke da bakinki kike cewa sai mutum ya ga V ɗin nan kafin ya soka, ta yaya sabuwar mai koyo za ta ga ido a baƙin zare siriri, da daddare, ga shi an ɗauke wuta tana haskawa da fitilar waya? Ita a bidiyonta da farin zare mai kauri da babban kwarashi take nunawa, komai a fili, mu kuma aka ba mu abin da sai ƙwararriya take iya sarrafa shi. Zaren kuma yana rabewa, kina sokawa ƙugiyar ta tsaga shi ta ɗauko rabi ta bar rabi. Siririn kwarashin nan ba shi da mariƙi, ɗan zama kaɗan yatsu sun fara zafi, wata dattijuwa a cikinmu da ke fama da ciwon gaɓoɓi cewa tayi ita ta haƙura. Wannan ya dame ni sosai don matar tana da sha'awa, jikokinta take son yi wa hular sanyi. Da muka yi magana Malama tace irin wanda ake samu da sauƙin kuɗi kenan kuma ba ta son ta tsawwala wa mutane, na fahimce ta, niyyarta mai kyau ce, amma arha ba ta ado, gara a rage dunƙule ɗaya a ba mutum abin da zai iya koyo da shi.

Don haka shawarata ki biya kuɗin karatu kawai ki sayi kayanki da kanki. Ki shiga kasuwar Sabon Gari ko wajen masu kayan ɗinki na garinku, ki nemi kwarashin alminiyon mai milimita 5, lambar tana rubuce a jikinsa a wurin da aka ɗan baje don babban yatsa, in kin ga an rubuta H ko H-8 shi ne dai a lissafin Amurka, G-6 kuma milimita 4 ne. Ki shafa bakin da yatsa kafin ki biya, in kin ji kaushi ko wani ɗan tsini ki canza don zai dinga kama zare. Ki kula da ƙananan nan na ƙarfe, su lambarsu a juye take, yanda lamba ke hawa haka kwarashin ke ƙara sirancewa, na saƙar leshi ne da bakin mayafi da irin farar hular nan ta maza, ba na farawa ba ne. Ulu kuma ki nemi mai matsakaicin kauri, mai santsi, kala mai haske irin ruwan madara ko ruwan ƙwai ko shuɗi mai haske. Ki guji mai gashi-gashi da mai laushin karan-miski ɗin nan da ake yayi, suna da kyau a ido amma suna ɓoye ɗinki gaba ɗaya. In kin samu mai takarda irin na Turkiyya, su Alize da Nako, ki karanta takardar, akwai hoton kwarashi da lambar da ta dace da zaren, akwai nauyi da tsawon mita, akwai ɗan murabba'i mai santimita 10 da ke nuna ɗinki nawa ya kamata ya cika shi, akwai kuma lambar rini, wadda in za ki yi babban aiki sai ki tabbatar duk dunƙulen lambarsu ɗaya, don kala ɗaya ce a suna amma in rinin ya bambanta za ki ga layi a tsakiyar bargo. Wasu takardun suna da lamba daga 0 zuwa 7 a jikin hoton dunƙule, 4 shi ne na tsakiya kuma shi ya fi dacewa da mai koyo. In siriri kawai kika samu a garinku ki haɗa zare biyu ki riƙe su tare, yana yi, duk da sai kin ƙara lura kar ki ɗauki ɗaya ki bar ɗaya.

Ranar wata Asabar wata ta zo da kwarashin Clover, na Japan mai mariƙin roba mai laushi, muka dinga karɓa muna gwadawa, gaskiya akwai bambanci, zare sulɓi yake yi a kansa kuma hannu ba ya gajiya da wuri. Akwai Tulip ma shi ma na Japan ne. Suna da tsada kuma ba dole ba ne a farko, amma mai ciwon hannu in da hali ta nema, ko ta naɗa wa nata tsumma da salatif ya yi kauri, haka muka yi wa dattijuwar nan kuma alhamdu lillahi ta dawo aji.

Wani abu da Malama ta yi mai kyau wanda ban zata ba, ta ware darasi guda ta ja mana kunne kan bidiyon waje. Abin da 'yan Amurka ke kira singil, 'yan Ingila dobul suke ce masa, dobul ɗin Amurka kuma a Ingila wani suna gare shi daban, toh in kika ɗauko tsarin hula daga can ba ki san na wace ƙasa ba ne sai ki ga ta fito rabin tsayinta ko ninki. Tace alama mai sauƙi, duk tsarin da kika ga kalmar singil a ciki na Amurka ne don Ingila ba su da ita. Akwai 'yan Maraɗi da Damagaram a gurup ɗin, su kuma bidiyon Faransanci suke kallo, sai suka dinga turo sunayen da suka sani ana daidaitawa da namu, abin ya yi daɗi sosai ranar. Ta kuma nuna mana yanda ake rage gudun bidiyo a YouTube zuwa rabi, wanda da yawa ba su san akwai shi ba.

Gurup ɗin kansa yana da hayaniya. Kina neman gyaran da aka miki sai kin ratsa tallan turaren wuta da atamfa da saƙonnin a tura wa mutum goma, ga gaisuwar Juma'a da hotunan furanni, duk da cin data. Ya kamata ta raba biyu, ɗaya na darasi wanda ita kaɗai ke iya turawa, ɗaya na hira da aikin gida. Bidiyon ma wani sa'in yana zuwa dishi-dishi, da ta dinga tura shi a matsayin fayil da ya fi fitowa tas. Sannan in ɗalibai sun yi yawa amsa takan yi jinkiri, ranar da take da biki ko rashin lafiyar yaro sai a wayi gari ba gyara, wannan kam uzuri ne kowa na da shi, amma tunda kuɗi ake biya da ta samu mataimakiya cikin tsofaffin ɗalibanta ko ta rage yawan da take ɗauka a zango ɗaya.

Abin da ban ga uzurinsa ba shi ne bahagwai. Akwai yarinya bahaguwa a ajinmu, duk bidiyon na hannun dama ne, da ta yi magana sai aka ce ta daure ta koya da dama ai hannu biyu ake amfani da su dama. Yarinyar ta yi ta fama, ƙarshe wata ɗaliba ce ta nuna mata ta ajiye waya a gaban madubi ta kalli madubin, nan take komai ya juye ya dace da hannunta, ita layinta daga hagu zuwa dama yake tafiya maimakon daga dama zuwa hagu, bambancin kenan kawai, kuma yanzu tana cikin waɗanda saƙarsu ta fi tsafta. Juya bidiyo a waya ba ya ɗaukar minti biyu, ya kamata a ce yana cikin tsarin ajin tun farko.

Bayan singil Malama ta ɗan taɓa mana rabin dobul da dobul, bambancinsu kawai ana naɗo zare kafin a soka, sai zobe ya zama uku, a rabin dobul ki fitar da ukun lokaci guda, a dobul ki fitar da biyu sannan biyu. Da yake hannu ya riga ya zauna a kan singil a zama ɗaya mafi yawa suka kama, a nan ne masu guna-gunin sarƙa suka yi shiru. Aikin kammalawa hular jariri ce, kuma dabarar ta burge ni don ba sai kin iya saƙar zagaye ba, ki saƙa dogon ƙyalle wanda zai zagaye kai, kan sabon haihuwa yakan kai wajen santimita 34 zuwa 35, ki haɗe gefe biyun da allura, ki tsuke sama, ki naɗe baki. Hula ta fito. Ranar da aka dinga turo hotuna gurup ɗin sai da ya cika da masha Allah.

Maganar sana'a kuwa ba ta yi mana romon baka ba, ba irin masu cewa ki koya yau gobe ki fara kwasar kuɗi ba. Tace kasuwar kayan jarirai tana tashi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu, mai son sayarwa ta fara tara kaya tun damina, sauran watanni kuma a koma jaka da abin ɗora kofi da murfin tulu da kwalliyar ɗaki. Ta ce mu dinga lissafa lokacinmu a cikin farashi ba kuɗin zare kaɗai ba, don har yau babu injin da ke yin ainihin saƙar kwarashi yanda injin ke yin ta kibiya, duk wadda kika gani hannun mutum ne ya yi ta ido bayan ido. Kuma ba yau mata suka fara cin abinci da ita ba, a ƙasar Ayilan lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845 da leshin kwarashi gidaje da yawa suka rayu, mata na saƙawa ana fitarwa waje ana sayarwa. Ni dai abin da ke min ciwo shi ne yanda a wurinmu mace za ta kwana uku a kan shawul a zo a taya shi kuɗin da ko zaren bai mayar ba, kuma ta sayar don kunya.

Akwai abu ɗaya da ba ta faɗa ba sai da aka tambaya, kuma ina ganin ya kamata ya shiga darasin farko tunda yawancinmu kayan yara za mu yi. Mafi yawan ulun kasuwa na roba ne, akirilik, in ya ji wuta narkewa yake yi ya manne, toh a lokacin sanyi da ake kunna gawayi a kasko a ɗaki a yi nesa da jariri mai sanye da shi, kar kuma a ɗora masa dutsen guga mai zafi, kar a yi abin sauke tukunya da shi, wannan sai zaren auduga. Hular jariri da safa kar a sa musu duwatsun ado ko maɓallin da zai iya cirewa ya kai baki, kar a sa doguwar igiya a wuya. Wanki kuma da ruwan sanyi ko mai ɗumi kaɗan, a matse a hankali ba murɗawa, a shanya a kwance a inuwa don in kika rataye shi a igiya da ruwa a jiki zai zazzago ya ɓata siffa.

In kin yanke shawarar shiga, kafin ki tura kuɗi ki tambaye ta mutum nawa take ɗauka a zangon, ki tambayi lambar kwarashi da kalar zaren da ke cikin kayan in har za ki saya a wurinta, in ke bahaguwa ce ki faɗa tun a lokacin a tanadar miki naki bidiyon. Wadda ke Kano ta yi ƙoƙari ta je zaman Asabar ko sau ɗaya ne a makon sarƙa, ta nesa kuma ta samu yaro ya tsaya ta bayan kafaɗarta ya ɗauki hannun daga sama da rana a tsakar gida, ta nan ne Malama ke iya ganin yatsan da ke riƙe zare da kyau.